Murhun da Ya Ƙi Zuwa Oregon

A dangin mijina Delbert, ba a taɓa zaman cin abincin Kirsimeti an tashi ba a yi wa Kaka Lavina dariya ba. Baiwar Allah ta daɗe da zama ƙasa, ko hotonta babu wanda ya taɓa gani, amma har yau ba su bar ta ta huta ba. Laifinta ɗaya ne, ta zauna a kan murhu.

Yadda suke ba da labarin, ita da mijinta Ezra sun bi ayarin kekunan shanu za su Oregon, a zamanin da kowa ke kwasar iyalinsa yana nausawa yamma. Da suka iso bakin kogin Platte shanu suka fara gazawa, sai madugu ya ce kowa ya rage kaya. Wasu suka yar da gadaje, wasu akwatuna. Ezra ya dubi murhun ƙarfen matarsa, wanda sai ƙarti sun taru suke iya ɗaga shi, ya ce a sauke. Aka sauke. Lavina ta tattare siket ɗinta ta hau kai ta zauna, ta ce inda murhu ya kwana nan za ta kwana. An yi lallashi, an yi faɗa, an kawo fasto, ko gezau. Ayari ya gaji ya wuce. Ezra ya zagaye matar da murhun da bango, ya ɗora rufi, shi ke nan zuriyar Pruitt, wato dangin mijina, ta zama ta Nebraska. In an zo nan sai mazan gidan su bushe da dariya, su ce da yanzu suna can kusa da teku suna cin tuffa, amma taurin kan mace ɗaya ya ɗaure su a gonar masara.

Ni na gaji murhun, ba don na roƙa ba. A kicin na tarar da shi ranar da na tare, baƙi ƙirin, ya cinye rabin ɗakin, yana kallona kamar uwar miji ta biyu. Babu yatsan ƙafata da bai san kusurwarsa ba. Ko da muka sayi na lantarki Delbert bai yarda an fitar da shi ba. In saniya ta haihu cikin tsananin sanyi sai ya rungumo ɗan maraƙin, ya hura wuta, ya shimfiɗe shi a gaban murhun, ni kuma in wuni ina girki cikin warin garke. Sau ɗaya tak ƙarfen nan ya taɓa yi mini rana, shekarar da na haifi 'yarmu Tessa, wannan kuwa ba lokaci ba ne da nake son tunawa. Saboda haka da gwiwoyin Delbert suka gaza muka sayar da gona, Tessa ta ce mu koma wurinta a Oregon ta gyara mana ɗan gidan da ke bayan nata, abu na farko da ya faranta mini rai shi ne ni da murhu mun rabu ke nan.

Ashe ban gama sanin wanda na aura ba. Ana gobe za mu tashi na fito na tarar da maƙwabta suna nishi suna tura murhun cikin 'yar tirelar da muka ɗaura wa akori-kurarmu. Delbert na tsaye da sabuwar malafa yana ba da umarni. Ya ce Kaka Lavina ta hana murhun nan zuwa Oregon, shi kuwa ya yi alkawari sai ya kai shi, kuma ta ainihin hanyar da ayari ya bi, sansani bayan sansani, don duniya ta san zuriyar Pruitt na gama abin da ta fara, ko da an ɗan makara.

"An ɗan makara?" na ce. "Delbert, kai fa jikan jikan wanda ya makara ne."

Na tuna masa Tessa ta faɗa da bakinta cewa gidan ƙarami ne, mu kawo abin da zai shiga kawai. Na tuna masa tana da tsohon ciki, na fari, bayan shekarun da ta yi tana jira, kuma ina so in isa kafin ta sauka. Ya yi mini kunnen uwar shegu. Kayana sai a sauran wurin aka cusa su, sabon injin wanki, doguwar kujerar falo, gadonmu, da kwalayen kwalaben tumatir da kokwamba da na dafa na rufe da hannuna.

Duk wanda ya taɓa tuƙi a ƙasar nan ya san allunan nan masu ruwan ƙasa da ake kafawa a bakin titi inda wani abu ya taɓa faruwa. Mai hankali yakan wuce su. Delbert bai wuce ko ɗaya ba. Na farko ma ko nisa ba mu yi ba, sansanin Kearny ne, wanda muka yi shekara da shekaru muna wucewa ta gefensa in za mu sayen taki, bai taɓa ko waiwayarsa ba. Ranar sai ga shi ya cire malafa, ya dafe ƙirji, yana karanta mini allo da ƙarfi kamar ban yi makaranta ba. Daga nan abin ya zama al'ada. Da ya hango ruwan ƙasa sai ya taka birki, murhu ya yi ƙara a baya, kwalabena su amsa. Akwai inda muka tsaya cikin rana muna kallon fili fetal, don allo ya ce a da akwai rijiya a wurin.

Da muka hango dutsen nan mai kama da bututun hayaƙi, Delbert ya ce mutanen ayari sukan kwana su wuni suna ganinsa a gabansu kafin su isa gindinsa. Na ce da irin gudun da muke yi, mu ma ba za mu bambanta da su ba. Ya ce ai daɗin abin ke nan, a ji abin da suka ji. Na ce to ya sauka ya bi motar a ƙafa, tunda su ma ba a zaune a kan katifa suka je ba, kuma ba su tsaya a kowane gari sun ci naman gashi da dankali ba. Ya shafa gwiwarsa, ni kuma na ji babu daɗi, na ɓare masa lemo.

A sansanin Laramie ne ya ba ni kunya sosai. A nan akwai mutanen da ke sa tufafin da, suna nuna wa baƙi yadda aka rayu. Wata mata, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, tana sanye da doguwar riga da hular nan mai rufe kunne, tana tsaye kusa da wani tsohon murhu tana bayani. Delbert ya saurara har ta gama, sa'annan ya ce da ita, cikin ladabi, wannan murhun nata yaro ne, in tana son ganin murhu ta biyo shi. Haka ya ja baiwar Allah har inda aka ajiye motoci, tana riƙe da gefen riga, wayarta na ƙara a aljihu. Ya yaye tampol. Matar ta zagaya shi, ta shafa, ta ce gaskiya ba ta cika ganin irinsa da ƙofarsa da ƙafafunsa duka ba, gidajen tarihi da yawa za su so shi.

"Ɗauki," na ce. "Yanzun nan. Har tampol ɗin na ba ki."

Delbert ya mayar da tampol ya ɗaure, muka shiga ɗakin da aka jera tarkacen da aka tsinta a hanyar ayari, guntayen faranti, ƙarafan keke, tukwane masu tsatsa. Nan ya buɗe mini lacca. Ya ce matafiyin kirki shi ne wanda ya san abin da zai yar. Ya ce a wannan yankin aka fi zubar da kaya, don daga nan hanya ke fara hawa, kuma waɗanda suka isa Oregon su ne waɗanda ba su bar kaya ya mallake su ba. Yana faɗa yana kallona, na san injin wankina da kwalabena yake nufi. Na ce masa mutumin da ke jan murhun da ya kusa nauyin saniya shi ne zai koya mini rage kaya? Ya ce murhu ba kaya ba ne, tarihi ne. Na ce tarihin nan shi ya sa motarmu ke tari tun daga Nebraska.

Ba zan ce duk tafiyar takaici ba ce. Gaba kaɗan akwai inda ƙafafun kekuna suka ci dutse har suka yi kwazazzabo, Delbert ya shiga ciki dutsen ya kawo masa ƙirji. Na tsaya a sama ina kallonsa, ɗan tsoho da malafa a hannu, sai na ji tausayin mutanen nan ya kama ni, musamman matan. Yawancinsu ba a tambaye su ko suna son tafiyar ba. Ga kuma kaburbura nan da can a gefen hanya, wasu ƙanana ƙwarai. A irin waɗannan ban yi masa gori ba in ya tsaya.

Da muka je dutsen da matafiya suka riƙa sassaƙa sunayensu, Delbert ya sa tabarau ya bi shi taku-taku yana dubawa. Na zauna a inuwa har na gaji, na tambaye shi me yake nema. Ya ce Pruitt.

"Danginka ba su iso nan ba, Delbert. Mun baro inda suka tsaya tun ranar farko."

"Na sani," ya ce. "Na dai ce ko wani ɗan'uwa ya wuce."

Babu wanda ya wuce. Ya daɗe da tafin hannunsa a jikin dutsen. A nan na gane ba don Lavina yake wannan wahalar ba. Mutum ne da aka haifa a gida ɗaya, ya tsufa a cikinsa, ya sayar da shi ga baƙo, yana so ya isa gidan 'yarsa a matsayin wanda ya kammala wani abu, ba tsohon da aka ɗauko don ƙafafunsa sun daina aiki ba. Na gane, amma ban faɗa masa ba, don in na faɗa sai ya ƙara allo goma a kan na da.

Washegari muna karyawa Tessa ta kira. Ta fara da dariya, tana tambaya ko mun cinye sansanonin ƙasar duka ko da saura. Sai kuma ta ce ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce kada ta yi mamaki in yaron ya zo da wuri. Ta ce wai ya gaji uwarsa, tunda ita ma ba ta jira watanninta sun cika ba. Ni ban ga abin dariya ba. Delbert ya dube ni, ya ture farantinsa, ya ce mu tafi.

Ranar na ga abin da ban taɓa zato ba, allo mai ruwan ƙasa ya taho, Delbert ya wuce shi ko kallo. Ya taka mai iya ƙarfinsa. Sai dai hanya ta fara hawa a hankali, iskar Wyoming kuma ta sa mu a gaba kamar mun ci mata bashi. Akori-kurar ta yi nishi, ta yi tari, wajen tsakar rana ta fara tururi ta baki, muka gangara gefe. Babu gida, babu bishiya, sai ciyayi gajeru har iyakar gani. Wani mai babbar mota ne ya kira mana makaniki daga wani ɗan ƙauye da ke gaba.

Sunan makanikin Leland, dattijo ne dogo mai kitso ɗaya a baya, daga mutanen da ke ƙasar tun kafin a san keken shanu. Ya ja mu har garejinsa, ya gyara abin da zai gyaru, ya sauya robar da ta fashe, sa'annan ya leƙa tirela ya ɗaga tampol. Ya daɗe yana kallo. Ya ce motar za ta kai mu, amma ba da wannan nauyin ba, don ga mashigar duwatsu a gaba, bayanta kuma akwai wasu hawan da suka fi ta. Ko dai mu rage kaya sosai, ko mu zauna mu jira a kawo wasu ƙarafa daga birni, shi ma ba ya ba da tabbaci.

"Ku dai mutanen nan ba kwa canzawa," ya ce yana goge hannu. "Tun zamanin kakanninmu kuke zuwa nan da abin da ya fi ƙarfinku, ku sauke mana a bakin hanya. Kakar kakata a cikin durowar wata baturiya kajinta ke ƙwai."

Na yi dariya har da hawaye. Delbert bai yi ba. Ya zagaya tirelar sau biyu, ya tsaya ya dubi yamma, ya cire malafa ya mayar. Sa'annan ya tambayi Leland ko yana da abin ɗaga kaya. Ina tsaye aka zura sarƙa, aka ɗaga murhun Kaka Lavina sama yana lilo, aka dire shi a gefen gareji tsakanin tsofaffin tayoyi. Delbert ya ce shi ya faɗa da bakinsa cewa matafiyin kirki ya san abin da zai yar, kuma jikansa ya fi masa ƙarfe. Ya ce murhun dai ya ƙara gaba a kan da, wani Pruitt ɗin ya zo ya ƙarasa. Leland ya ce ba za a wulaƙanta shi ba, yana da gwaggo da za ta so shi, in ita ba ta so ba kaji ba sa ƙi.

Abin da na yi shekara arba'in da ɗoriya ina roƙo ke nan, ya same ni a tsakar rana ba tare da na ɗaga yatsa ba. Na ce bari in je in yi masa sallama, in gaya masa abin da yatsun ƙafata suka aiko ni da shi. Na je na tsaya a gabansa. Ban san abin da ya sa na kama marikin ƙofar tanderunsa na ja ba. Ƙofar ta yi wannan ƙarar da ta saba yi, 'yar siririya kamar kukan ɗan tsako, ta sauko ta kwanta.

Tessa ta zo ne cikin wata guguwar dusar ƙanƙara da ta rufe hanyoyi ta tsinke wayoyin lantarki. Watanninta ba su cika ba. Babu likita, babu mota, daga ni sai Delbert sai uwarsa. Da ta fito ba ta fi tafin hannuna biyu ba, launinta ya yi shuɗi, kukan ma ba ta da ƙarfinsa. Gidan duka ya daskare, ruwa ya zama dutse a bokiti. Uwar mijina ta hura murhun nan, ta bar wutar ta lafa, ta naɗe yarinyar da ulu ta sa ta a kwalin takalmi, ta ɗora a kan wannan ƙofar. Ta zaunar da ni a ƙasa ta ce in sa gwiwar hannuna a bakin tanderu, in ya yi mini zafi to ya yi wa yarinya. Haka na zauna har aka buɗe hanya, ina ƙirga numfashinta, ina roƙon Allah kada itace ya ƙare. Delbert ya farfasa kujerun cin abinci ya zuba. Daga baya dangi suka mayar da shi abin wasa, suna cewa Tessa gasa ta aka yi kamar burodi. Ni ma nakan yi dariya tare da su, don in ban yi ba kuka zan yi. Tsoron da na ji a gaban ƙofar nan ban taɓa jin irinsa ba, shi ya sa na tsani ganinta kullum.

Na rufe ƙofar. Ga tayoyi, ga kaji suna tono can gefe. Na tuna irin yadda uwar mijina ta yi aikin nan hannunta ko rawa ba ya yi, kamar wadda aka taɓa nuna wa. Wa ya nuna mata? Mazan dangin mijina sun yi zamani suna dariyar matar da ta zauna a kan murhu, babu wanda ya taɓa tambayar me ta taɓa ɗorawa a ƙofarsa.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na juya, na dafa, na ɗare kai na zauna. Rana ta gasa ƙarfen, amma ban motsa ba.

Delbert ya riga ya shiga mota ya tayar. Ya jira, ya yi oda, ya leƙo ta taga. Sa'annan ya kashe, ya fito yana ɗingishi, ya tsaya a gabana ya riƙe ƙugu.

"Arlene, me kike yi?"

"Hutawa."

"A kan murhu?"

"Inda ya kwana nan zan kwana."

Ya dube ni, ya dubi Leland, wanda ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Delbert ya ce ashe ba a jini abin yake ba, a kicin ake ɗaukarsa. Ya tambayi Leland ko ana sayar da fili a nan kusa, don da alama sai ya fara haƙa harsashi, kuma da gwiwoyin nan nasa bangon zai ɗauki lokaci. Na so in rama, sai na fasa. Na nuna masa ƙofar tanderun da ƙafa kawai.

"Likita ya ce yaron zai zo da wuri," na ce.

"Akwai asibiti a can, Arlene. Akwai lantarki."

"Mu ma ai muna da lantarki a lokacin."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya sunkuya da ƙyar ya shafa marikin ƙofar da babban yatsa. Na san ya tuna kujerun. Ya daɗe a haka kafin ya miƙe ya tambayi Leland nawa ne nauyin da ya kamata a rage, kuma ko dole ne ya zama murhu.

Leland ya ce shi mota ba ta gaya masa sunan kaya ba, nauyi kawai ta sani.

Ina zaune a kan murhu nake ba da umarni. Injin wanki ya fara sauka, sabo fil, ko takardar jikinsa ban ɓare ba. Kujerar falo ta bi shi. Gadonmu ya sauka, katako ne mai nauyi. Kwalabena na tumatir da kokwamba, aikin damina guda, na ce a kai wa gwaggon Leland. Har yanzu Leland na girgiza kai, sai Delbert ya shiga da kansa ya fito da akwatin littattafansa na tarihin hanya da taswirori, da akwatin ƙarafan aikinsa da ya gada wurin ubansa, ya dire su bai waiwaya ba. Leland ya kira matar faston ƙauyen ta zo da mota ta kwashi abin da za a raba wa masu bukata. Sai da aka sake zura sarƙa don a mayar da murhun cikin tirela na sauka, shi ma sai da na ga ta ɗaure. Da za mu tafi Leland ya leƙo ta tagata ya ce ya ga masu yar da murhu su tsira da gado, amma yau ya fara ganin masu yar da gado.

Mashigar duwatsun da Leland ya ba mu tsoro da ita ashe fili ce shimfiɗaɗɗiya, in ba a gaya maka ba ba za ka san ka hau ba balle ka san ka sauka. Muna tafe a hankali, idonsa a kan allurar zafin mota, sai ga allo mai ruwan ƙasa. Bai rage gudu ba. Ni na ce masa ya tsaya. Ya dube ni kamar bai ji daidai ba, ya gangara gefe. Na ce ya karanta mini, da ƙarfi. Ya karanta, ya ce daga nan duk ruwan da ya zuba yamma yake gangarawa. Sa'annan ya zagaya baya, ya ɗaga gefen tampol, ya cire malafa. Iska ta kwashe abin da ya faɗa, ban kuma tambaye shi ba. Daga nan ba mu ƙara tsayawa ba sai shan mai da barci.

Mun tarar da Tessa a ƙofar gida da cikinta a gaba, tana dafe da baya, mijinta na riƙe da ita. Sai da na rungume ta na ji numfashina ya dawo daidai. Ta ce a buɗe tirela a fara shigar da kaya kafin a gaji. Mijinta ya buɗe. Akwatunan tufafinmu ne a lungu, sai murhu a tsakiya shi kaɗai, an ɗaɗɗaure shi da igiya.

"Mama, ina gadonku?"

"Yana Wyoming."

"Injin wankin fa?"

"Shi ma."

Ta juya kan ubanta za ta fara faɗa, ya ɗaga hannu biyu ya ce shi wannan karon ba ruwansa, shi ya yar, wata ce ta hau ta zauna. Tessa ta dube ni ta ga ba wasa yake ba. Ta sa mijinta ya taimaka mata ta hau tirelar, duk da na hana. Ta tsuguna da ƙyar ta ja ƙofar, ƙofar ta yi ƙararta. Ta ɗora tafin hannunta a kai, ta auna faɗinta da ɗani, ɗayan hannun yana kan cikinta.

"A nan na kwanta?"

"Har da sauran wuri," na ce.

Mijinta, mutumin kirki ne amma ba ya gane lokacin yin shiru, ya ce ya auna da ido, murhun nan ba zai shiga ƙofar ɗan gidan ba ko an juya shi ta ina. Tessa ta goge fuska da bayan hannu, ta ce to ya tsaya kallon me, ya je ya ɗauko guduma.

A ƙasa muka kwana a kan katifar aro, iska na shigowa ta inda aka fasa bango. Da safe Delbert ya fita neman itace.